Rufin da Ba Katako: Gwanintar Maginan Nuba a Gaɓar Bahar Maliya

Daga watan Nuwamba har zuwa Maris, jiragen sama ba sa yankewa a filin jirgin Hurgada da ke gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Masar. Daga Jamus suke zuwa, da Birtaniya, da Poland, da Rasha, maƙare da mutanen da sanyi da duhu suka koro daga gida. A Berlin, a ƙarshen Disamba, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, yinin duka bai cika awa takwas ba. Tafiyar awa huɗu da rabi, sai ga mutum a inda zafin rana a watan Janairu yake kai digiri 21 ko 22, ruwan teku ma kusan haka, sararin sama tas, ruwan sama kuwa sai a shekara ba a ga na kirki ba. Rana suka zo saye, kuma suna samunta.

Wurin da suke sauka, in aka cire otal-otal ɗin, hamada ce zalla. Tsaunuka ƙeƙasassu daga yamma, teku daga gabas, tsakaninsu wani ziri na rairayi da tsakuwa. Ba kogi, ba daji, ba itacen da za a sara a yi rufi. Hurgada kanta ƙauyen masunta ce kafin harkar yawon buɗe ido ta kankama a shekarun 1980. El Gouna, wajen kilomita 25 a arewa da ita, babu ita ma sam kafin 1989, lokacin da attajirin nan Samih Sawiris ya fara haƙa mashigan ruwa da kafa gidaje a fili fetal. Can kudu, wajen kilomita 140, akwai Ƙusair, tsohuwar tashar jiragen ruwa da alhazan da suka bi ta kwarin Nilu suka daɗe suna tsallakawa Hijaz daga cikinta.

Baƙon da ya biya kuɗi masu kauri a wasu daga cikin waɗannan masaukai zai yini yana iyo, yana leƙen kifaye a tsakanin duwatsun murjani, ya ci ya ƙoshi, da dare ya shiga ɗaki ya kwanta rigingine. Abin da zai gani a samansa tulluwa ce, ko kuma wani dogon rufi mai doro da ya tashi daga wannan bango ya lanƙwasa ya sauka a wancan. Da yawa ado suke ɗaukarsa, irin na a nuna wa baƙo cewa yana ƙasar Larabawa. Ni a wurina, cikin duk abin da ake sayarwa a waɗannan wurare, babu wanda ya kai wannan rufin daraja. Aikin hannu ne da ya haura shekara dubu uku ana gadonsa a kudancin Masar, kuma wanda ya fahimci yadda ake yinsa ba zai ƙara yi wa magini kallon ɗan ƙwadago ba.

Duk wanda ya taɓa gini ya san bango ba ya ba da wahala. Ka aza tubali a kan tubali, nauyi na sauka ƙasa, shi ke nan. Kuɗi da ciwon kai suna wajen rufi. Ƙasa da dutse da bulo suna da hali guda: ka danne su yadda kake so, za su ɗauka, ka ja su ko ka tanƙwara su, nan take su tsage. Shimfiɗaɗɗen rufi kuwa tanƙwaruwa yake yi a tsakiya saboda nauyin kansa, shi ya sa yake neman katako ko ƙarfe, masu jure ja. Baka shi ne mafita, domin a cikin baka kowane tubali danne ɗan'uwansa yake yi. Sai dai baka ba ya tsayuwa sai an rufe shi a sama. Kafin a sa tubalin ƙarshe, duk sauran faɗuwa suke son yi. Saboda haka maginan Rum da na Turai sukan fara harhaɗa wani ƙwarangwal na katako mai siffar bakan, su jera duwatsu a kansa, in an rufe su zare shi. Ka ga an koma gidan jiya: ana son guje wa katako, ga shi sai da katako.

Maginan Nuba sun warware wannan ba tare da ko sanda guda ta tallafi ba. Ga yadda suke yi.

A ce ɗaki ne mai faɗin mita uku. An ɗaga bangayen gefe biyu, masu kauri, zuwa inda rufi zai tashi. Bangon ƙurya kuwa sai a ci gaba da ɗaga shi har ya kai ƙololuwar rufin da ake so, domin shi ne madogara. Magina biyu su hau wani allo da aka gitta don tsayawa, kowanne ya ɗebo laka da hannu, su shafa siffar baka a jikin bangon ƙuryar, wannan daga dama, wancan daga hagu, su haɗu a sama. Ido ne ma'auninsu. In zanen ya ɗan kauce, a daidaita gefensa da gizago, wanda kusan shi kaɗai ne kayan aikinsu.

Tubalin rufi daban yake da na bango. Shafaffe ne, marar nauyi, wajen santimita 25 a tsawo, 15 a faɗi, 5 a kauri, kuma an ƙara masa yankakken karan alkama fiye da na bango. Tun yana ɗanye, mai buga shi zai ja yatsu biyu a fuskarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ya bar kwari biyu. Nan laka za ta shiga ta kama.

Tubalin farko a tsaye ake kafa shi, ƙafarsa a kan bangon gefe, fuskarsa mai kwarin manne da lakar da aka shafa a bangon ƙurya. A yi haka a dama, a yi a hagu. Sai magini ya tara 'yar laka a gindinsa, mai kauri a ƙasa, siririya a sama, don sahun da zai biyo baya kada ya tsaya cak, ya ɗan kishingiɗa ya jingina da na farko. Sahu na biyu da rabin tubali ake fara shi, saboda kada gaɓa ta hau kan gaɓa, sannan a ɗora cikakke a kai. Yanzu ya ɗara na farko tsawo. A ƙara laka a gindi, a fara na uku, shi ma ya ɗara na biyu, ya ƙara kishingiɗa, ya ƙara lanƙwasowa ciki yana bin zanen. Haka za a yi ta yi daga gefe biyu, kowane sahu na hawa sama kaɗan, har a kai sahun da damansa da hagunsa suka haɗu a ƙololuwa. Baka na farko ya rufe, kuma a jingine yake, ƙafarsa ta yo gaba, kansa na kan bango.

Duk dabarar tana cikin jinginar nan. Wanda ya ga allunan almajirai an jera su a jikin bango bayan an tashi daga karatu, na farko jingine da bango, na biyu jingine da na farko, ya ga tsarin. Tun da sahu a kishingiɗe yake, kowane sabon tubali yana da inda zai kwanta, wato fuskar sahun da ya gabace shi. Wani kaso na nauyinsa ya tafi can, danƙon laka ya riƙe saura na ɗan lokaci, kafin nan an rufe sahun a sama ya zama baka mai ɗaukar kansa. Shi kuma ya zama majinginar na gaba. A haka rufi zai yi ta tahowa a sarari, kauri bayan kauri, ba abin da ke ƙarƙashinsa sai iska da maginan da ke ja da baya, har ya iso ɗaya ƙarshen ɗakin.

Akwai wata ƙa'ida da ke raba gwani da ɗan koyo. Laka tana tsakanin sahu da sahu ne kawai. A cikin sahu ɗaya, tubali da tubali sai sun taɓa juna kai tsaye, ba laka a tsakaninsu. Dalili shi ne laka tana tsukewa in ta bushe. In ita ce ke ɗauke da dannin, bakan zai zauna, siffarsa ta lalace, ya tsage. To amma tubali mai kusurwa huɗu in aka jera shi a lanƙwashe, bakinsa na ciki ne ke haɗuwa, na waje ya buɗe. Wannan ɗan giɓin magini zai cusa masa tsingaro ko tsakuwa, ya buga ta zauna daram. Aiki ne da ba mai gani, domin yaɓe zai rufe shi, kuma ƙarkon rufin na shekaru yana rataye da shi.

Kallon aikin kansa abin sha'awa ne. Yaro na ƙasa yana cillo tubali, mu'allim, wato babban magini, na sama ya cafe, ya shafa laka da tafin hannu, ya manna, ya buga da bayan gizago, hannunsa ya riga ya buɗe don na gaba. Shi da abokin aikinsa dole su tafi tare, domin in gefe ɗaya ya riga ɗaya, bakan zai karkace. Kuma dole ya san halin lakarsa a wannan yinin: in ta yi ruwa tubali zai zame, in ta yi tauri ba za ta kama ba, rana da iska kuma suna canja ta daga safe zuwa azahar. Da fatar hannu ake karanta wannan.

Siffar bakan ma ba da ka aka zaɓe ta ba. Ba rabin da'ira ba ce, ta fi shi tsini, kamar kan ƙwai. Ka riƙe sarƙa a bakinta biyu ka bar tsakiyarta ta rataya, za ta yi wata lanƙwasa wadda a cikinta kowace gaɓa jan ta kusa da ita kawai take yi. Ka kifar da wannan lanƙwasar ta kalli sama, ja ya koma danni, ka sami bakan da babu inda yake tanƙwaruwa. Masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana wannan a 1675. Maginan kwarin Nilu suna shafa ta da hannu a bango tun kafin a san za a yi Ingila.

Baka yana da buƙata guda da ba a wasa da ita: kullum tura ƙafafunsa yake yi waje. Shi ya sa bangayen gefe suke da kauri, rabin mita ko fiye, kuma ba a yi musu manyan tagogi barkatai. A nan ne fasahar ta dace da otal ƙwarai. Otal ɗakuna ne masu faɗi ɗaya a jere. Rufin wannan ɗaki yana tura bango gabas, na maƙwabcinsa yana tura shi yamma, turi ya kashe turi. Sai ɗakunan ƙarshen layi biyu ne kawai ke neman ƙarin kauri ko tokari.

Tulluwa kuma nata ilimin daban. Ɗaki kusurwa huɗu gare shi, ita kuwa da'ira take so ta zauna a kai. Sai magini ya gitta ƙananan bakuna a kusurwoyi huɗun, ɗakin ya koma mai kusurwa takwas a sama, daga nan a lallaɓa shi ya zama da'ira. A kafa sanda a tsakiya, a ɗaura mata igiya ko wata sanda mai juyawa. Bakin igiyar shi ke nuna inda kowane tubali zai zauna da yadda zai karkata. A zagaya da sahu, a rufe shi ya zama zobe. Zoben da ya rufe ba ya iya faɗawa ciki, domin kowane tubali ya tokare 'yan'uwansa. A ɗora wani zoben da ya fi shi ƙanƙanta. Wahalar tana can kusa da ƙololuwa, inda tubala suka kusa komawa a tsaye, babu abin da ke riƙe da su sai danƙo. Nan magini kan danne kowane ɗaya da hannu na ɗan lokaci kafin ya saki. Wani lokaci a bar ƙananan ramuka a jikin tulluwar a sa musu gilashi mai launi, haske ya riƙa ɗigowa ciki.

Tsufan wannan fasaha a fili yake ga mai son gani. A bayan haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu, a yammacin Luksor, akwai rumbunan hatsi na tubalin laka masu irin wannan rufi, tun ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau wasunsu na tsaye, kuma jinginannun sahunsu a bayyane suke. A Aswan akwai ita a tsohon gidan ibadar Kiristoci na Simeon da kuma maƙabartar zamanin Faɗimiyyawa. Amma zuwa ƙarni na 20 ta ɓace daga arewacin Masar, ta rage a hannun mutanen Nuba a kudu.

Wanda ya dawo da ita shi ne Hassan Fathy, mai zanen gine-gine, haifaffen Iskandariyya a 1900. A 1941 yaƙin duniya ya yanke shigowar katako da ƙarfe, shi kuma yana gina wata gona a Bahtim kusa da Alƙahira. Ya sa maginansa su gwada rufin laka ba tallafi, rufin ya rushe. Ɗan'uwansa da ke aiki a tsohuwar madatsar ruwa ta Aswan ya gaya masa cewa mutanen Nuba suna yin abin da yake nema. Ya tafi, ya ga ƙauyen Garb Aswan da idonsa, ya ɗauko magina daga can. A labarin da ya bayar, magina biyu sun rufe ɗaki mai mita uku da huɗu a yini ɗaya da rabi, da kuɗin da bai kai rubu'in na kankare ba. Daga 1945 ya shiga gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor, don mutane wajen 7,000 da hukuma ke son tasa daga kan kaburburan Fir'aunoni. Aikin bai kammala ba. Mutanen ba su so tashi ba, wasu kuma sun ce tulluwa ta kan kabari ce, ba ta ɗakin mai rai ba. Littafinsa a kan wannan gwagwarmaya, wanda aka sake bugawa a 1973 da sunan Architecture for the Poor, shi ya kai sunansa duniya.

Ɗalibansa ne suka kai fasahar bakin teku. Abdel-Wahed El-Wakil ya gina wani gidan hutu, Gidan Halawa, a Agami kusa da Iskandariyya, aka gama a 1975. Da aka ba gidan kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1980, an haɗa da babban magininsa, Alauddin Mustafa, a cikin waɗanda aka karrama, abin da nake ganin ya kamata ya zama al'ada a ko'ina. El-Wakil ɗin nan shi ya zana Masallacin Ƙuba na Madina da aka sake ginawa aka gama a 1986, don haka alhazanmu da yawa sun yi salla a ƙarƙashin tulluwoyin bulo na ɗalibin Fathy. A gaɓar Bahar Maliya kuwa, Rami El Dahan da Soheir Farid, waɗanda suka yi aiki da Fathy kansa, su suka zana otal ɗin Mövenpick na Ƙusair da dutsen wurin, ɗakuna gajeru launin ƙasar da suke kai, da kuma unguwar Kafr a El Gouna. Hatta Ba'amurke Michael Graves, da aka ba shi zanen Sheraton Miramar a El Gouna a shekarun 1990, rufin baka da tulluwa ya bi. A bakin teku an fi amfani da dutse a bango da jan bulo a rufi maimakon tubalin laka, kuma jan bulo sai an jiƙa shi kafin a manna don kada ya shanye ruwan kwaɓin. Kayan sun canja, amma lissafin danni da turi yana nan yadda yake.

To me wannan rufi yake yi wa baƙon da ya zo shan rana? Sanyin Bahar Maliya fuska biyu gare shi. Da rana ɗumi mai daɗi. Da rana ta faɗi, hamada ta saki zafinta, ma'auni ya sauka zuwa digiri 11 ko 12, ga iskar arewa da ke kaɗawa kusan duk shekara, wadda ita ce ta sa El Gouna ta zama matattarar masu wasan tsere da iska a kan ruwa. Bango mai kauri da rufin bulo suna shan zafin rana a hankali, zafin ya ɗauki sa'o'i yana ratsawa, ya iso cikin ɗaki daidai lokacin da waje ya yi sanyi. Kafin safiya ginin ya huce, ya riƙe wannan sanyin zuwa tsakar rana. Lanƙwasasshen rufi kuma ba ya karɓar rana gaba ɗaya: in ba da tsakar rana ba, kullum wani gefensa na cikin inuwar kansa. Iska mai zafi ta taru a can sama nesa da kan mutum, in an bar mata kafa ta fice. Kaurin bango yana kashe hayaniyar maƙwabci. Sai kuma abin da mai otal ya fi kowa sani: iskar teku gishiri gare ta, gishiri yana ratsa kankare ya ci rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginin. Rufin da ba ƙarfe a cikinsa ba shi da abin da gishiri zai ci.

Fasahar tana da iyaka, kuma kyautata mata shi ne a faɗi iyakar. A watannin Yuli da Agusta dare ma zafi ne a gaɓar nan, bango ba ya samun sararin hucewa, dole a kunna na'urar sanyaya ɗaki, ko da yake aikinta ya fi sauƙi a irin wannan gini. Faɗin ɗaki ma ba ya wuce abin da bango zai iya tokarewa. A watannin sanyi ne ginin ke yin aikin shi kaɗai, kuma su ne watannin da masu neman rana suke zuwa.

Akwai abin da ke sosa rai a nan. Fathy don manoma ya nemo wannan fasaha, don mutumin da ba shi da kuɗin katako ya rufe ɗakinsa da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Manoman da yawa sun zaɓi kankare, attajirai da masu otal suka ɗauki tulluwa. Wasu dalilan ma sun fi ƙarfin zaɓin kowa. A 1963 da 1964 an kwashe dubban mutanen Nuba daga ƙauyukansu zuwa yankin Kom Ombo saboda babbar madatsar Aswan, ruwa ya cinye gidajen da suka gada. Madatsar, da aka gama a 1970, ta tare lakar da ambaliyar Nilu ke kawowa kowace shekara, daga baya hukuma ta hana kankare ƙasar gona don buga bulo. Ka ga tushen sana'ar ya girgiza ta ko'ina. A irin wannan hali, wuraren hutun nan sun zama inda ake biyan magini don ya yi abin da ya iya, inda yaro zai tsaya a ƙasa yana cilla bulo yana kallo. Fasahar hannu ba ta zama a littafi. In aka shekara talatin ba a yi ba, ta tafi da tsofaffin. Saboda haka ina murna da kowane otal da ya kira magina na gaske. Abin da nake so a ƙara shi ne a biya su daidai da gwanintarsu, a kuma rubuta sunan mu'allim a inda ake rubuta na mai zane.

Na ce magina na gaske domin kwaikwayo ya yi yawa. Da salon ya karɓu, wasu suka riƙa zuba kankare shimfiɗaɗɗe su kifa masa ƙoƙon tulluwa a sama don a gani daga nesa. Gane su ba wuya. Shiga ɗakin ka ɗaga kai: in daga waje tulluwa ce, daga ciki kuma silin a shimfiɗe, ado ne kawai. Duba kaurin bango a bakin taga. Duba ko manyan ƙofofi da tagogi suna ƙarshen ɗakin, inda ba turi, ko an fafe bangon gefe da gilashi. Inda aka bar bulon rufi ba yaɓe, sahun zai nuna maka komai, har bangon da magini ya fara jinginawa.

Mu ma muna da magina masu baka da tulluwa, kuma hanyarsu daban ce. Bakan gizo da ɗaurin guga na ƙasar Hausa da azara ake yinsu: a riƙa turo guntayen giginya daga bango, wani kan wani, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har gefe biyu su haɗu. Da haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma Falke Barmu na Yama a jihar Tawa ya karɓi kyautar Aga Khan a 1986 saboda masallacin garinsu. Wanda ya kwana a soro da hunturu ya riga ya san ɗumin da Bajamushe ke biya a Ƙusair. Amma giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma tana ƙaranci. Wannan ne ya sa a 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop, wadda waɗanda suka kafa ta sun yi aiki da Fathy, ta fara koya wa magina a Cikal ta Nijar rufin da ba ya neman icce ko kaɗan.

A shekara ta 2000 kuma, a garin Boromo na Burkina Faso, wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan ƙasar, Séri Youlou, suka kafa ƙungiyar La Voûte Nubienne, suka sauƙaƙa hanyar don a koye ta da wuri. Sun tsayar da faɗin ɗaki a kan mita uku da ɗan ɗori, tsawo kuwa yadda mai gida yake so. Maimakon dogaro da ido kaɗai, sai a miƙa waya daga wannan ƙarshen ɗaki zuwa wancan a daidai inda rufi zai tashi, a rataya mata igiyoyi masu tsawo ɗaya da ke zamewa a kanta, su nuna wa ɗan koyo mazaunin kowane tubali. Koyon a wurin aiki ake yinsa, daga kwaɓa laka zuwa buga tubali, zuwa bango, sannan rufi. Tun da damina a Sahel ba irin ta Aswan ba ce, sukan cike gefen rufin da ƙasa, su shimfiɗa leda, su sake rufewa da yaɓe don rana kada ta ƙona ledar. Da wannan tsari ake gini yanzu a Burkina Faso, Mali, Senegal, Benin da arewacin Ghana.